Cooper Black: harafin nan mai ƙiba da fara'a, da wuraren da ya kamata ka sa shi

Buɗe Word a kwamfutarka ka rubuta sunanka sau biyu. Na farko ka bar shi da Times New Roman. Na biyu ka shiga jerin salon haruffa, wato abin da masu kwamfuta ke kira font, ka gangara wajen C ka zaɓi Cooper Black idan akwai shi a na'urarka, sannan ka ɗaga girmansa zuwa 72. To, ja da baya ka kalle su. Suna ɗaya ne, baƙaƙen ma ɗaya ne, amma na farkon ya yi kama da wanda aka buga a takardar sammaci, na biyun kuwa kamar a jikin kwalin biskit. Ba ka canza ko kalma ɗaya ba, sai ga shi muryar rubutun ta canza.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shirin kashe kuɗi. Idan za ka buga allon shago, ko katin gayyatar biki, ko takardar da za ka liƙa a jikin robar zoɓon da kake sayarwa, salon harafin da ka zaɓa shi ne zai fara yi wa mutane magana kafin su karanta abin da ka rubuta. In ka yi kuskure, ko dai ba za a iya karantawa ba, ko kuma a karanta da muryar da ba ita kake nufi ba. Kuma in an riga an buga kwafi dubu, ai bakin alƙalami ya bushe.

A wannan rubutu za mu ɗauki Cooper Black a matsayin misali, domin yana cikin fitattun haruffan ado masu siffar wasa, ga shi kuma ya haura shekara 100 ana amfani da shi. Za mu ga abin da ya ba shi wannan hali, da abin da bincike kan ido da ƙwaƙwalwa ya nuna game da irinsa, da kuma inda zai yi maka aiki da inda zai kunyata ka.

Kalmomi uku kafin mu shiga

Ta farko ita ce serif. Dubi babban harafin T ko H a Times New Roman, za ka ga wasu 'yan ƙananan layuka a ƙarshen kowace sanda, kamar harafin ya sa takalmi. Su ne serif. A nan za mu kira su ƙafafu. Salon da ke da su, mai ƙafa kenan. Wanda ba shi da su, irin Arial, marar ƙafa.

Ta biyu ita ce taga. Muna nufin farin filin da ke cikin harafi: ramin da ke tsakiyar o, da ɗan ramin da ke saman e, da wanda ke cikin a. Riƙe wannan kalma da kyau, domin rabin bayaninmu a kanta zai tsaya.

Ta uku ita ce rabon aiki. Masu tsara haruffa sun raba su gida biyu. Akwai haruffan gundarin rubutu, waɗanda aka yi domin a karanta shafi bayan shafi ba tare da ido ya gaji ba. Akwai kuma haruffan kanu, waɗanda aka yi domin a buga su da girma, kalmomi kaɗan, a hango su daga nesa. Na farkon kamar mai karanta labarai ne a rediyo, zai yi rabin awa yana magana ba ka lura da muryarsa ba. Na biyun sanƙira ne a filin biki: ya ɗaga murya, kowa ya juyo, ya faɗi abin da zai faɗa a taƙaice. Cooper Black sanƙira ne.

Daga ina ya fito?

Wanda ya zana shi sunansa Oswald Bruce Cooper, Ba'amurke da aka haifa a 1879 a jihar Ohio, ya rasu a 1940. Ya koyi aikin zana haruffa a birnin Chicago, a makarantar zane ta Frank Holme, inda ɗaya daga cikin malamansa shi ne Frederic Goudy, wanda daga baya ya yi suna sosai a wannan fanni. A 1904 Cooper ya haɗa gwiwa da Fred Bertsch suka buɗe kamfanin zanen tallace-tallace. Sana'arsa ta yau da kullum ita ce rubuta kalmomin talla da hannu, domin jaridu da mujallu.

A wancan zamani ba a san kwamfuta ba. Kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da aka zuba daga narkakkiyar dalma da aka gauraya da wasu ƙarafa. Ma'aikacin maɗaba'a zai tsinto su ɗaya bayan ɗaya ya jera, a shafa tawada, a danna a takarda. Akwai kamfanoni da aikinsu kawai shi ne zuba waɗannan haruffa su sayar wa maɗaba'u. Ɗaya daga cikinsu, Barnhart Brothers & Spindler na Chicago, shi ya mayar da rubutun hannun Cooper zuwa ƙarfe. Sun fara da wani salo mai matsakaicin kauri da ake kira Cooper Old Style, sannan a 1922 suka fito da mai ƙibar, wato Cooper Black.

An tallata shi da wata barkwanci, cewa harafi ne na masu maɗaba'a masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa gani sai kusa. Ma'ana dai, ko mai raunin ido ba zai wuce shi bai gani ba. Ya samu kasuwa ƙwarai, har abokan hamayya suka yi ta fito da nasu masu kama da shi: Ludlow Black a 1924, Goudy Heavyface a 1925 daga hannun tsohon malaminsa, da Pabst Extra Bold a 1928.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, tun ranar farko domin talla aka yi shi. Babu wanda ya zana shi da niyyar a buga littafi da shi.

Kalli jikinsa da kyau

Idan har yanzu sunanka na nan a allon kwamfutar, ƙara matsowa. Ga abubuwa huɗu da za ka gani.

Na ɗaya, babu tsini ko ɗaya a jikinsa. A Times New Roman ƙafafun sirara ne masu kaifi kamar an fere su da reza. A Cooper Black ƙafafun a dunƙule suke, an goge kowace kusurwa ta zama kamar curin fura.

Na biyu, ƙasan ƙafafun ba a miƙe yake ba. Yana da ɗan tudu, kamar gindin ƙwarya. Shi ya sa harafin ke yi maka kamar in ka taɓa shi zai yi lilo. Wannan ɗan rashin daidaito yana cikin abin da ke sa layin rubutu ya zama kamar yana rausaya.

Na uku, sandunan masu kauri ne sosai, kuma bambancin da ke tsakanin sanda mai kauri da siririya ba shi da yawa. Tawada ta cinye fili, tagogin sun tsuke.

Na huɗu, dubi O. Tagar da ke cikinsa ba a tsaye take ba, ta karkata baya, zuwa hagu. Wannan gado ne daga rubutun hannu da alƙalami mai faffaɗan baki. Duk wanda ya taɓa rubutu da alƙalamin kara ya san cewa in ka riƙe shi a karkace, wani ɓangaren zagaye zai yi kauri, wani ya yi siriri, kuma siraran wuraren ba sa faɗowa daidai sama da ƙasa. Cooper ya bar wannan alama a cikin harafinsa, shi ya sa ko da injin ne ya buga, kana jin hannun mutum a ciki. Ɗigon da ke kan i ma ba cikakken zagaye ba ne, ya fi kama da ƙwai.

Me ya sa ido ke ganinsa kamar mai fara'a?

Za ka iya cewa ai sabo ne kawai, mun saba ganinsa a kwalin alawa shi ya sa. Sabo na da nasa kaso, babu shakka. Amma bincike ya nuna akwai wani abu a ƙarƙashin sabon.

A 1929 masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, Wolfgang Köhler, ya kawo wani gwaji mai sauƙi. Zane biyu ne, ɗaya mai lanƙwasa da zagaye, ɗaya mai tsini da kusurwoyi, da kuma sunaye biyu marasa ma'ana. Sai a ce ka raba musu sunayen. A 2001 Vilayanur Ramachandran da Edward Hubbard suka sake fito da gwajin da sunayen bouba da kiki. Gwada da kanka: wanne ne bouba? Mafi yawan mutane mai zagayen suke ba wa bouba, mai tsinin kuma kiki. Daga baya wata tawagar masu bincike ta gwada shi a kan masu magana da harsuna 25, aka samu wannan sakamako a mafi yawansu, duk da cewa ba a dukkansu ba. Wato ƙwaƙwalwa tana haɗa siffa da sauti, zagaye yana tafiya da taushi.

A 2006 Moshe Bar da Maital Neta suka nuna wa mutane hotunan kayayyaki, wasu masu lanƙwasa, wasu masu kusurwa mai kaifi, kowane hoto na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Mutane sun fi cewa suna son masu lanƙwasar. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, tsini na iya zama alamar haɗari ga ƙwaƙwalwa, kamar ƙaya ko haƙori ko wuƙa, don haka abin da ba shi da tsini ya fi kwantar da hankali.

Har ɗanɗano ma ya shigo ciki. Carlos Velasco da Charles Spence na Jami'ar Oxford tare da abokan aikinsu sun gwada salon haruffa daban-daban, suka ga mutane na danganta masu zagaye da zaƙi, masu kusurwa kuma da ɗaci ko tsami ko gishiri. Ka ga kenan ba banza ba kamfanin alawar Tootsie Roll ke rubuta sunansa da irin wannan harafi.

Sai dai a yi hattara da yadda ake fassara waɗannan bincike. Suna nuna inda yawancin mutane ke karkata ne, a cikin ɗakin gwaji. Ba su ce harafi zai sayar maka da kaya marar kyau ba. Abin da za ka ɗauka shi ne: in ka sa Cooper Black, mai kallo zai ji taushi da zaƙi da wasa tun kafin ya karanta, ko ka so ko ba ka so ba.

Me ya sa yake gajiyar da ido a dogon rubutu?

Yanzu koma kan Word. Kwafo sakin layi guda mai tsawo, ka mayar da shi Cooper Black, ka rage girman zuwa 10. Karanta. Kafin ka kai layi na biyar za ka ji kamar kana tafiya cikin taɓo.

Ga dalili. Lokacin da kake karatu idonka ba ya tafiya sumul a kan layi. Tsalle yake yi: ya tsaya kamar rubu'in daƙiƙa, ya ɗauki 'yan haruffa, ya yi tsalle gaba, ya sake tsayawa. A kowace tsayawa, tsakiyar ganinka ce kaɗai ke gani tar. Haruffan da ke gefe dishi-dishi ake ganinsu, amma duk da haka ƙwaƙwalwa na amfani da su ta shirya tsalle na gaba.

A gefen gani akwai wata matsala da masana ke kira cunkoso. Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Herman Bouma, ya bayyana ta a 1970: harafin da za ka iya ganewa in yana shi kaɗai, sai ya gagare ka in an kewaye shi da wasu haruffa kusa-kusa, kuma abin na ƙaruwa yayin da harafin ke nisa da tsakiyar gani. To, Cooper Black ga ƙiba ga matsi, cunkoson ya samu wurin zama.

Sannan ga batun taga. Me ya bambanta e da o da c da a? Yawanci farin filin da ke cikinsu ne da inda ya buɗe. In harafin na da girma, ko tsukakkiyar taga ana ganinta sarai. In ka rage shi, tagar ce ke fara ɓacewa, haruffan su koma dunƙule-dunƙulen baƙi masu kama da juna. In aka buga a takarda mai shan tawada, ko injin bugawar ya tsufa, tawadar za ta ɗan bazu ta ƙarasa toshe abin da ya rage.

An auna wannan. A 2013 Jean-Baptiste Bernard da Susana Chung da abokan aikinsu a Jami'ar California da ke Berkeley suka ɗauki salon harafi ɗaya suka riƙa canza kaurin sandunansa, suna auna saurin karatun mutane. Saurin bai canza sosai ba a matsakaicin kauri, amma ya faɗi da sandunan suka yi siriri ƙwarai, ya kuma faɗi da suka yi kauri ƙwarai. Faɗuwar da kauri ke jawowa ta fi saurin bayyana a gefen gani.

Ka ga abin da ya faru kenan. Ƙibar da ke sa a hango kalma ɗaya daga tsallaken titi, ita ce dai ke hana a karanta kalma ɗari a tafin hannu.

Yadda ya kai shekara 100

Salon haruffa da yawa na zamanin Cooper sun mutu tare da injinan dalma. Shi kuwa duk fasahar da ta zo sai ta same shi a shirye, kuma rashin tsinin nan ne ya taimake shi.

Da aka koma buga haruffa ta hanyar hoto a tsakiyar ƙarni na 20, haske kan ɗan cinye kusurwoyi masu kaifi ya dusashe siraran layuka. Cooper Black ba shi da ko ɗaya da za a cinye. Sabuwar hanyar ta kuma ba da damar matse haruffa har su kusa taɓa juna, abin da ƙarfe ba ya bari cikin sauƙi, kuma ya zamana matsin na yi masa kyau a babban girma. Da kamfanin Letraset na Ingila ya yaɗa haruffan da ake gogawa a kan takarda su manne, ya shiga hannun ɗalibai da masu ƙananan shaguna. Haka ma haruffan da ake mannawa a jikin riga da dutsen guga, waɗanda suka yi tashe a Amurka a shekarun 1970: harafi mai kauri marar tsini ya fi sauƙin yankawa, kuma ba shi da siririn baki da zai fara ɓantarewa a wanki.

A 1966 ƙungiyar mawaƙa ta Beach Boys ta sa shi a bangon faifanta mai suna Pet Sounds, abin da ya ƙara masa farin jini a wajen matasa. Zanen barkwancin kyanwar nan Garfield, wanda ya fara fitowa a jaridun Amurka a 1978, da shi ake rubuta sunansa. A 1995 aka kafa kamfanin jiragen sama na easyJet a Birtaniya, ya ɗauke shi ya haɗa da launin ruwan lemo, har a farkon lamari ya rubuta lambar wayar sayen tikiti ɓaro-ɓaro a jikin jiragensa. Saƙon a fili yake: jirgin nan na kowa ne, ba sai mai kuɗi ba. Daga baya kuma Microsoft ya sa shi cikin haruffan da ke zuwa da Office, shi ya sa wataƙila kake da shi ba tare da ka taɓa nema ba.

Dubi jerin nan da kyau: faifan waƙa, zanen barkwanci, alawa, jirgi mai araha, riga. Duk wurare ne da ake son a ce maka matso kusa, ba abin tsoro. Kuma a duk cikinsu kalmomin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Inda zai yi maka aiki

Sunan shago ko na kaya, musamman abinci, abin sha, kayan zaƙi da kayan yara. Kalma ɗaya zuwa uku, da girma.

Kanun fosta ko bana na taron nishaɗi: bikin suna, wasan yara, gasar makaranta, kasuwar baje koli.

Rubutun jikin riga, hula, sitika da jaka, inda za a yanka harafin ko a ɗinka shi da zare. Kaurinsa na jure wa irin wannan aiki fiye da siraran haruffa.

Bangon littafin yara ko na barkwanci, da ɗan hoton da ke gaban bidiyo a YouTube, inda kake da kalma uku ko huɗu kawai ka ja hankalin mai wucewa.

Inda zai kunyata ka

Duk wani dogon rubutu: wasiƙa, rahoto, takardar neman aiki, aikin makaranta.

Duk inda kuskuren karatu zai iya cutar da mutum. Ƙa'idar shan magani, ranar lalacewar kaya, jerin abubuwan da aka haɗa abinci da su, lambar asusun banki. A ƙaramin girma, 3 da 8 ko 6 da 8 na iya rikicewa in tagoginsu suka toshe. Sa sunan kayanka da Cooper Black in kana so, amma waɗannan bayanai ka ba su harafi mai buɗaɗɗiyar taga.

Duk inda ake buƙatar natsuwa: sanarwar rasuwa, takardar asibiti, gargaɗin haɗari, takardar shari'a. Ka tuna, harafin zai yi murmushinsa ko da kalmomin na kuka ne. Akwai misalin da ya shahara, ko da yake da wani salon wasan ne daban. A ranar 4 ga Yulin 2012, lokacin da cibiyar binciken CERN ta sanar da gano ƙwayar zarrar nan da ake kira Higgs, ɗaya daga cikin jawaban an nuna shi ne da Comic Sans. Sakamakon binciken bai ragu da komai ba, amma mutane da dama a intanet sun shagala da zancen harafin a ranar da ya kamata a yi zancen kimiyya.

Dabarun aiki da shi

Ka ba shi girma. In a takarda ne, kada ka sauko da shi ƙasa da 24 sai da dalili, kuma ya fi kyau daga 36 zuwa sama. In allo ne, auna nisan da za a karanta shi. Ƙa'idar da hukumomin hanya na Amurka ke bi ita ce inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 30 ta nisa, wato kusan santimita 2.5 ga mita 9. Wannan lissafi na haruffan alamun hanya ne, waɗanda aka tsara musamman domin saurin karantawa. Harafi mai tsukakkiyar taga irin Cooper Black sai ka ƙara masa a kan haka.

Ka haɗa shi da abokin tafiya mai sanyin hali. Kanu da Cooper Black, sauran bayani da harafi marar ado irin Arial ko Calibri ko Georgia. Kada ka haɗa shi da wani harafin ado. Sanƙira biyu a fili ɗaya, ba wanda za a ji.

Kada ka danna maɓallin B don ƙara masa kauri. Manhajar za ta kumbura sandunan ne kawai ta ƙarasa rufe tagogin. Kada kuma ka ja shi ta gefe ko ta sama don ya cika fili, domin zagayen zai lalace. Inuwa da zane a gefen harafi su ma sukan ci farin filin da yake taƙama da ɗan abin da ya rage masa.

Ka fi amfani da ƙananan baƙaƙe, babba a farkon kalma kawai. Yawancin halinsa a ƙananan yake, a, e, g, f, kuma hawa da saukarsu na taimaka wa ido. In ka rubuta jimla duka da manyan baƙaƙe za ta zama kamar katangar bulo.

Ka kula da launi. Ƙa'idojin sauƙaƙa karatu a intanet, waɗanda ake kira WCAG, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 3 da 1 ga babban rubutu, 4.5 da 1 ga ƙarami. A aikace, rawaya a kan fari ko ja a kan kore ba za su yi ba, komai ƙibar harafin.

Sannan ka gwada kafin ka biya kuɗin bugu. Buga kwafi ɗaya a ainihin girman, liƙa a bango, ja da baya zuwa inda mai wucewa zai tsaya, ka kira wani wanda bai san abin da ka rubuta ba ya karanta maka.

Matsalar da ta shafi mai rubutu da Hausa

Akwai wani abu da Oswald Cooper bai yi tunaninsa ba a Chicago ta 1922, wato haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Tsofaffin haruffan ado da yawa, ko da aka mayar da su na kwamfuta, baƙaƙen harsunan Yammacin Turai kawai aka sa musu. In ka rubuta ƙ kuma salon ba shi da ita, ɗayan biyu ne zai faru. Ko ka ga ɗan akwati fanko a wurin, ko kuma manhajar ta aro ƙ daga wani salon ba tare da ta gaya maka ba. Sai ka ga kalma duk ta yi ƙiba, harafi ɗaya a tsakiya ya rame. A ƙaramin rubutu wani ba zai lura ba, amma a allon shago kowa zai gani.

Mafitar da mutane suka fi bi ita ce a jefar da lanƙwasar a rubuta k ko d ko b kawai. Amma ka san baki daban, baƙi daban. Fada daban, faɗa daban. Kafa daban, ƙafa daban. A cikin dogon rubutu sauran jimlar za ta nuna wa mai karatu abin da ake nufi. A kanu mai kalma biyu babu sauran jimlar da za ta cece ka.

Don haka kafin ka zaɓi kowane harafin ado, rubuta wannan layi da shi: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ. In duk sun fito da kauri ɗaya da siffa ɗaya da sauran baƙaƙen, ka samu. In ba su fito ba, ko ka nemi wani salon mai irin wannan hali wanda ke da su, ko ka sa mai zanenka ya ɗauki k ko d ko b na salon ya zana masa lanƙwasar da hannu, da kauri da zagaye irin na sauran jikin harafin. Tunda kalmomin kanu kaɗan ne, aikin ba shi da yawa. Akwai sababbin salo da aka yi da irin ruhin Cooper, misali Fraunces da ake samu kyauta a Google Fonts, wanda masu zanensa suka ce sun yi koyi da Cooper da Windsor da Souvenir. Su ma dai ka yi musu wannan gwaji kafin ka amince.

Tambayoyi uku kafin ka danna

In ka tashi zaɓar Cooper Black ko wani ɗan'uwansa, tambayi kanka abu uku. Kalmomin nawa ne? In sun wuce abin da za ka faɗa a numfashi ɗaya, nemi wani. Da wane girma za a gan su, kuma daga ina? In tagar e ba ta fito sarai daga wurin ba, ƙara girma ko ka canza. Sannan, da a ce da baki za ka faɗi wannan magana, da fara'a za ka faɗe ta? In amsar e ce, to harafin ya dace da kai. In kuwa magana ce da za ka sunkuyar da kai ka sassauta murya kafin ka faɗa, bar Cooper Black a cikin jerin, ka ɗauko Times New Roman ɗin da muka fara da shi.